Hanyar Kyaftin Young

Kawu ne ya matsa. Ni dai na sauka Fresno da niyyar in yi kwana huɗu in sauke gajiyar taron da ya kai ni Kalifoniya, ba abin da nake buri sai tuwon matarsa da barci. Daren Juma'a muna zaune a falo bayan isha'i sai ya ce, "Gobe in mun yi asuba za mu hau dutse. Ba za ka koma gida ka ce ka zo wurina ban kai ka ka ga itatuwan nan ba."

Na ce, "Kawu, itace fa ka ce. Wanda ya yi wasan ƙasa a gindin kukar ƙofar gidanmu, wane itace kuma za a nuna masa?"

Bai kula ni ba. Ya leƙa kicin ya ce a soya mana kaza a saka a kula, ni kuma ya ce in nemi rigar sanyi. A watan Yuli, a garin da zafinsa ba shi da maraba da na Sakkwato a Afrilu.

Mun bar gari rana ba ta fito ba. Kwarin tsakiyar Kalifoniya shimfiɗe yake kamar tabarma, gonakin lemo da inabi sun yi sahu iyakar ganinka. Daga Visalia muka yanki gabas a hanya mai lamba 198, muka wuce tafkin Kaweah, tuddai suka fara tasowa da busasshiyar ciyawa ruwan ƙasa irin ta dajinmu bayan kaka. Muna fita daga wani ɗan gari da ake kira Three Rivers sai Kawu ya rage gudu, ya nuna min wani allo a gefen titi da leɓe, kamar yadda mahaifiyata ke nuna abu.

"Karanta sunan can."

"Charles Young."

"Riƙe shi. Baƙar fata ne, soja. Shi ya fara kai hanya cikin dajin da za mu. Kuma a Ikko ya mutu."

Na ɗauka zolaya ce. Shekara bakwai na yi ina aiki a Legas, daga Agege zuwa Apapa kullum, ban taɓa jin wani kanar ɗin Amurka da ya mutu a can ba. Kawu ya ce in bari mu hau tukuna.

A ƙofar shiga gandun Sequoia, da ake furtawa Sikoya, wata ma'aikaciya ta leƙo ta taga da hularta mai faɗin baki, samanta a lotse gida huɗu. Irin hular sojan dokin da ne. Daga nan hanya ta miƙe tsaye. Ƙofar tana kan tsayin mita 500 da 'yan kai daga teku, dajin da muka nufa kuwa yana dab da mita 2,000, kuma duk wannan hawan lanƙwasa ce a kan lanƙwasa, kamar igiyar da aka naɗe aka jefar. Ba mu yi nisa ba cikina ya fara juyawa. Dole Kawu ya tsaya a wani wuri mai suna Hospital Rock, yana min dariya wai ɗan birni.

Ban yi da-na-sanin tsayawar ba. A jikin wani ƙaton dutse akwai zane-zane da jan launi, na mutanen da suka zauna nan ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya iso. Kusa da shi akwai wani falalen dutse da ramuka a jikinsa, zagayayyu, sumul. Na durƙusa na zura hannu a ɗaya, ya shige har wuyan hannu. Turmi ne. A nan matan ƙauyen ke zama su daka 'ya'yan itacen da suke yin gari da shi, kuma duk wanda ya tashi a gidan da ake daka ya san shekaru nawa taɓarya za ta yi kafin ta ci dutse haka. Wajen shekarun 1860 agana da ƙyanda da baƙi suka shigo da su suka share yawancin mutanen, sauran suka watse. Ramukan na nan, ruwan sama na kwanciya a cikinsu.

Muka ci gaba. A wasu gangaren duk itatuwan sun ƙone sun tsaya baƙi ƙirin kamar turakun wuta, sauran gobarar 2021. Sai iska ta sauya, sanyi ya shigo ta taga, muka sha wata kwana, na ga wani jan bango a gefen titi. Sai da na ɗaga kai na gane gindin bishiya ne.

Na janye maganata a kan kuka. Kukarmu tana da ƙiba, rimi yana da tsawo, amma wannan ta haɗa duka biyun ta ninka. Babbar cikinsu, wadda suke kira General Sherman, tsawonta ya haura mita 83, kewayen gindinta mita 31, kuma an ƙiyasta shekarunta sun kai 2,200. Ba bishiyar da ta kai ta yawan itace a jiki a duk duniya. An kewaye ta da shinge, mutane sun yi layi suna ɗaukar hoto, kowa ya ja da baya ya ja da baya, hoton ya ƙi ɗaukarta duka. Wata da ba a killace ba na taɓa ɓawonta, sai na ji shi laushi-laushi kamar soso, in ka ƙwanƙwasa yana amsawa kamar ba komai a ciki. Kaurinsa kan kai kamu biyu, shi ke tare mata wuta. Abin mamaki kuma, ƙwallon da irinta ke ciki bai wuce ƙwan kaza ba, kuma zafin gobara ne ke busar da shi ya buɗe irin ya zubo a kan toka. Wuta ce ungozomarta. Sai dai wutar yanzu ta fi ƙarfin ungozoma: ta 2020 kaɗai ta kashe dubban manyansu, a 2021 kuma sai da 'yan kwana-kwana suka naɗe gindin Sherman da wani bargo mai ƙyalli kamar takardar naɗe tsire.

Kafin mu bar mota Kawu ya ɗauki kular kazarmu ya kulle ta a wani akwatin ƙarfe da aka kafa a wurin ajiye motoci. Wai saboda beyar, in ta ji ƙanshi tana iya ɓalle ƙofar mota. Ban ga ko ɗaya ba ranar, kuma ban yi baƙin ciki ba.

A gidan tarihin da ke tsakiyar dajin na fara ganin fuskar mutumin, da kakin soja, ya kafe mai hoto da ido. Sauran labarin Kawu ya ba ni shi muna tafe, abin da ya rage na cike daga karatu bayan na dawo.

An haifi Charles Young ranar 12 ga Maris 1864 a Mays Lick, jihar Kentaki, uwa baiwa uba bawa. Yana jariri uban ya tsallake kogin Ohayo ya shiga rundunar Arewa a yaƙin basasa, wannan ya 'yanta shi da iyalinsa. A Ripley yaron ya tashi, ya yi karatu, ya koyar, sannan a 1884 ya shiga West Point, makarantar horar da hafsoshin sojan Amurka. Abin da aka yi masa a can ya fi duka ciwo: shiru. 'Yan ajinsa ba sa yi masa magana sai in aiki ya tilasta. Ya faɗi lissafi ya maimaita shekara, ya fita a 1889, baƙar fata na uku da ya taɓa gama makarantar. Na huɗu bai fito ba sai 1936.

Aka tura shi yamma, bakin iyaka, inda gwamnati ke ta tura ƙafa cikin ƙasar da ba tata ba: sansanin Robinson a Nebraska, sannan Duchesne a Utah, cikin runduna ta 9 ta sojan doki. Ita da ta 10 an kafa su a 1866, sojojin duk baƙaƙe, hafsoshin kusan duk farare. Ana cewa 'yan asalin ƙasar ne suka laƙaba musu Sojojin Ɓauna, saboda gashin kansu ya yi kama da na ɓaunar can mai gezar wuya. Ina jin wannan sai ramukan turmin nan suka dawo min. Rundunonin da 'yantattun bayi suka cika, su aka riƙa turawa su tsare wa baƙi ƙasar da aka ƙwace daga masu ita. Young ya zo ne yaƙe-yaƙen na ƙarewa, amma kakin ɗaya ne. Na faɗa wa Kawu haka. Ya ce, "Ai wanda aka danne ba ya zaɓen aikin da zai ci abinci da shi." Ban gamsu ba gaba ɗaya, shi ma na ga bai gamsu ba.

Yadda ya zo dajin nan kuwa, an kafa gandun Sikoya a 1890, amma hukumar kula da gandayen ƙasa ba ta samu ba sai 1916. A tsakani, sojan doki ake turowa kowace bazara, hafsan da ya jagorance su shi ne muƙaddashin shugaban gandu na wannan shekarar. A 1903 abin ya faɗo kan Young, lokacin yana kyaftin a barikin Presidio na San Faransisko, bai daɗe da dawowa daga yaƙin Filifin ba. A watan Mayu shi da mutanensa suka yi wa Shugaba Theodore Roosevelt rakiya a titunan birnin, bayan 'yan kwanaki suka ɗaura sirdi. Mutum kusan 100, tafiyar kwana 16, sama da kilomita 500, cikin ƙurar kwarin da muka keto da safe da na'urar sanyaya mota.

Abin da ya tarar shi ne gandu mai shekara 13 wanda ba a iya kai keken doki wurin itatuwansa. Akwai guntuwar hanya da wasu 'yan gurguzu suka fara sarawa a shekarun 1880, mutanen da suka kafa mazauni a Kaweah da nufin yin katako su raba riba daidai. Su ne ma suka fara kiran Sherman da sunan Karl Marx. Kafa gandu ya kore su, hanyar ta tsaya, kyaftin-kyaftin da suka gabata kowa ya ɗan taɓa ya tafi. Young ya sa aka fara aiki tun ƙasa na da danshi, da leburori daga garuruwan gindin dutse, ga diga ga shebur ga alfadarai. Zuwa tsakiyar Agusta kekunan doki sun shiga tsakiyar dajin, sannan ya ja hanyar har gindin Moro, wani ƙaton dutse da ke bakin dajin. A bazara ɗaya an sari hanyar da ta fi ta shekaru uku da suka gabata in an haɗa su. Titin kwaltar da muka hau daga baya aka yi shi, a 1926, amma reshen da ke zuwa Moro har yau a kan sawunsa yake.

Ban da hanya, sojojinsa na sintiri saboda mafarauta da ɓarayin katako da masu kiwon tumaki. A nan na ɗan yi turus, domin kakana na wajen uwa, mahaifin Kawu, makiyayi ne. A Yosemite, gandun da ke arewa da nan, sojoji har dabara suka ƙirƙiro tunda doka ba ta ba su ikon ɗaure kowa ba: a fitar da makiyayi ta wannan iyaka, a kora garkensa ta waccan, kafin ya zagayo ya tattara su ya yi asarar da ba zai sake ba. Kawu ya ce, "Da Baba na nan da dabbobinsa, da shi ma sun raka shi." Muka yi dariya, amma irin dariyar da ba ta kai ciki. Gaskiya ne tumaki na cinye tsiro su bar ƙasa tsirara. Gaskiya ne kuma duk inda aka ja layi aka ce nan gandu ne, daga nan har Yankari, akwai wanda jiya yake shiga yau aka ce masa ɓarawo.

Wani aikin nasa da ya fi burge ni ba a ganin sa da ido. Filaye da yawa a tsakiyar dajin mallakin mutane ne, kowane mai fili na da ikon sare abin da ke kansa. Young ya bi su ɗaya bayan ɗaya har suka amince za su sayar wa gwamnati. Ya aika Washinton, majalisa ta ƙi sakin kuɗi. Sai a 1916 aka sayi filayen tsakiyar dajin, da dala 50,000 daga majalisa da 20,000 daga ƙungiyar National Geographic. Shekara 13 itatuwan na tsaye a bakin gatari.

Da rana ta take muka ɗauko kazarmu muka bi reshen Moro. Kawu ya faka a gefe, muka taka kaɗan cikin daji zuwa wata bishiya mai ɗan allo a gabanta: Booker T. Washington. Da aka gama hanya a 1903, Young ya shirya walima a dajin, ya tara leburori da manyan garuruwan ƙasa. Mutane suka ce sai an sa wa bishiya ɗaya sunansa. Ya ƙi. Ya ce a bari sai bayan shekara 20, in har lokacin ba su sauya ra'ayi ba, to. A maimakonsa ya yarda a sa sunan Washington, malamin nan da aka haifa bawa ya kafa makarantar Tuskegee.

Na daɗe ina juya wannan ƙin. Kawu ya ce kunya ce irin ta mutanen kirki. Ni kuwa ina ganin akwai sanin hali a ciki. Mutumin da ya yi shekara biyar 'yan ajinsa ba su ce masa sannu ba ya san yabon ranar walima, ciki cike da nama, ba shi ne yabo ba. Bai kai shekara 20 ɗin ba. Bishiyar Washington ma an manta wacece sai da aka sake gano ta daga tsohon hoto, aka sabunta sunan a 2003. Tasa kuwa sai 2004 aka ba shi, tana can tsallaken hanya, 'yar tafiya kaɗan. Ba kowa a wurin da muka je, sai wani tsuntsu shuɗi mai tukku da ya dame mu da tsiwa saboda kaza. A nan muka yi alwala da ruwan gora mai sanyin ƙanƙara, muka haɗa azahar da la'asar a kan busassun ganye, Kawu ya ja mu.

Dutsen Moro matakala ce sama da 350 da aka sassaƙa a jikinsa. Kawu, da shekarunsa 60 da ɗoriya, ya riga ni kaiwa. Daga sama in ka dubi gabas tsaunuka ne masu tsini jere, in ka dubi yamma ga titin da ya juya min ciki yana naɗe a ƙasa, ga kwarin can ya ɓace cikin hazo. Ina haki na ce, "To Kawu, saura Ikko."

Bayan Sikoya an tura shi Haiti a 1904 a matsayin jami'in soja na ofishin jakadanci, a 1912 kuma Laberiya, inda ya sake tsara rundunar tsaron iyakarta, ya sha harsashi a hannu a cikin daji, zazzaɓi ya kusa kashe shi. A 1916 yana Meziko cikin farautar madugun 'yan tawaye Pancho Villa ƙarƙashin Janar Pershing, ya zama laftanar kanar. Da Amurka ta shiga yaƙin duniya na farko a 1917, kowa ya san in aka tura shi Faransa janar zai zama, fararen hafsoshi su riƙa sara masa. Wani laftanar ɗan Kudu ya ce shi ba zai yi aiki a ƙarƙashin baƙi ba, sanatoci suka ɗauki maganar har fadar Shugaba Wilson. Ana cikin haka likitocin soja suka ce yana da hawan jini da ciwon ƙoda. Aka ba shi kanar, aka yi masa ritaya.

Kawu ma'aikacin jinya ne, shekara 20 ke nan. Ya ce, "Ka ga, ba ƙarya likitocin suka yi ba, ciwon na nan, shi ya kashe shi daga baya. Amma ina tabbatar maka da fari ne, da an ce ya rage gishiri ya tafi Faransa."

A watan Yunin 1918, yana da shekara 54, ya ɗaura wa dokinsa sirdi a gidansa na Wilberforce a Ohayo ya nufi Washinton, kilomita 800, wani wuri a kan doki wani wuri a ƙasa, don ya nuna wa ma'aikatar yaƙi lafiyarsa lau. Kwana 16 ya yi, daidai da kwanakin da ya yi daga San Faransisko zuwa dajin nan. Aka karɓe shi da fara'a, aka sallame shi. Sai ranar 6 ga Nuwamba aka mayar da shi bakin aiki, saura kwana biyar a tsagaita wuta. Ihu bayan hari.

Aka sake tura shi Laberiya, mutumin da aka ce bai da lafiyar zuwa Faransa. A ƙarshen 1921 aikin tattara bayanai ya kawo shi Nijeriya, zamanin Gwamna Clifford. Ciwon ya kayar da shi, ya rasu a asibiti a Legas ranar 8 ga Janairu 1922. Turawan Ingila suka binne shi a can da faretin soja, ya yi sama da shekara a cikin ƙasarmu kafin matarsa da shugabannin baƙaƙen Amurka su matsa a tono shi. Ranar 1 ga Yuni 1923 aka sake binne shi a Arlington, maƙabartar sojojin Amurka da ke dab da Washinton. Tauraron janar ɗin da aka hana shi sai a 2021 aka ba shi, saura kaɗan ya cika shekara 100 a kabari.

Na tsaya riƙe da ƙarfen matakalar ina lissafin sau nawa na ratsa tsibirin Legas a cikin danfo, ina gyangyaɗi, ina zagin cunkoso. Iska ta fara kaɗawa da ƙarfi, na gode wa Allah da rigar sanyin.

Saukowa ni Kawu ya ba tuƙi, wai mai riƙe da sitiyari ba ya jin jiri. Ya yi gaskiya. Ya ce in sa ƙaramin giya in daina taka birki kar ya ƙone, ga warin na motar gabanmu har cikin hanci. Mun wuce allon da magariba ta kawo jiki, daga wannan ɓangaren bayansa kawai ake gani. A Three Rivers muka tsaya bakin kogi muka yi salla, matar Kawu ta kira tana tambaya ko a ɗora tuwo. Ya ce a ɗora, a kuma ƙara miyar kuka, ɗan nata yau ya ci amanar kuka a gaban jama'a.